Tambayoyi da amsoshi kan cire tsohon fenti da tsatsa daga gadon ƙarfe

Da zarar damina ta ɗauke a Bauchi sai a fara fito da gadajen ƙarfe tsakar gida: na yaron makarantar kwana, na kaka mai rumfa da aka gada, da wanda ake so a sabunta a sa a ɗakin baƙi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne masu irin wannan aiki suka fi maimaitawa. Kyan gado da daɗewarsa suna wajen kankara da gogewa ne, fenti kuwa ƙarashen aiki ne kawai. In akwai ƙananan yara ko mai juna biyu a gidan, a fara karanta amsa ta 5 kafin a taɓa komai.

1. Gadona ya yi tsatsa sosai. Ya cancanci gyara, ko in miƙa wa 'yan gwangwan?

Kada ka yanke hukunci da ido, domin sau da yawa munin tsatsa ya fi ɓarnarta. Kwantar da gadon, ka ɗauki sukudireba ka daddanna wurare uku: gindin ƙafafu, inda aka yi walda, da kusurwoyin da ƙarfen gefe ke haɗuwa da kan gado. In bakin sukudireba ya zame ya bar farin layi mai sheƙi, ƙarfen lafiyarsa lau, tsatsar a sama take. In ya tono 'yan ramuka amma bai huda ba, har yanzu gado ne. In kuwa ya lume ciki, ko ƙarfen yana ɓarewa falle-falle, wurin ya mutu, sai mai walda ya yanke ya jona sabon bututu.

Ƙafa ɗaya ko biyu da suka ruɓe a gindi ba dalilin rabuwa da gado ba ne. Tsofaffin gadaje irin su Vono da na makarantun kwana na da, ƙarfensu ya fi na yawancin waɗanda ake haɗawa yanzu kauri nesa ba kusa ba, kuma ni dai ba na son ganin an ɗora su a sikeli. Wanda zan ce a haƙura da shi shi ne gado mai hawa biyu da tsatsa ta cinye ginshiƙansa a wurare da yawa, saboda yaro ne ke kwana a ƙasa.

2. Gadon a ɗakina yake, ruwan sama bai taɓa dukansa ba. Daga ina tsatsar ta fito?

Danshi da iska sun ishe ta, Hajiya. Akwai laimar da ke tasowa daga daɓen siminti a watan Agusta, da ruwan goge ɗaki da ke kwanciya a gindin ƙafa kowace safiya, da fitsarin yara da ke ratsa katifa ya sauka kan waya. Fitsari da gumi suna da gishiri, shi kuwa gishiri gaggauta cin ƙarfe yake yi. Ɗaga ƙafar gadon ki dubi ledar ɗakin. In kin ga jan zobe daidai faɗin bututun, to daga nan ta faro, kuma galibi ta cikin bututun take hawa inda ido ba ya kaiwa. Yadda za a hana ta dawowa yana amsa ta 17.

3. Me zai hana in shafa sabon fenti a kai kawai in huta?

Fenti ba ya kashe tsatsa, lulluɓe ta yake yi. Tsatsa tana riƙe danshi, kuma ta fi ƙarfen da ta ci cika wuri, shi ya sa take ture fenti ya yi ƙuraje. Danna ɗaya da farce ka gani: zai fashe, jan gari ya zubo. In aka shafa sabo a kan wannan, da wuya wata damina ta fita bai sake kumbura ba.

Sai dai ba dole ne a kankare gadon kaf har ƙarfe ya bayyana ba. Inda tsohon fenti ya yi kamar ya kama, gwada shi: tsaga shi da reza a tsaye da a kwance kamar gidan dara, manna salatif, ka fizge. In bai ɗauko komai ba, bar shi, ka dai goge shi da sanfefa mai laushi har sheƙinsa ya mutu don sabon ya samu abin kamawa. Amma duk inda tsatsa ta ɓullo, a bi ta har farin ƙarfe, a ƙara da faɗin yatsa biyu a kewaye, domin tana rarrafawa a ƙarƙashin fentin da ke ganin lafiya. Gadon da aka yi wa fenti sau uku ko huɗu, ko wanda ya tsattsage ko'ina, gara a tuɓe shi gaba ɗaya kamar yadda yake a amsa ta 10.

4. Waɗanne kaya zan saya?

Buroshin waya, abin kankara ko tsohuwar wuƙa mara kaifi, sanfefa lamba 80 da 120 da 220, tina (ruwan tsinka fenti), fararen tsummoki, faraima (shafin farko da ake yi wa ƙarfe kafin fenti), fentin mai, da buroshin fenti na inci ɗaya da na inci biyu. Ka haɗa da safar hannu, tabarau na kariya, da takunkumi mai lamba N95 ko wanda ya fi shi. Takunkumin yadi irin na lokacin korona ba ya tare ƙurar fenti. Duk ana samunsu a shagunan kayan gini da ke kewayen kasuwar Wunti da ta Muda Lawal.

Kafin ka tafi kasuwa, manna mayen ƙarfe a jikin gadon. In ya kama, ƙarfe ne na sosai. In bai kama ba, alminiyam ne ko tagulla, kamar ƙwallayen adon da ke kan wasu tsofaffin gadaje, kuma waɗannan ba a sa musu buroshin waya mai kaushi. Alminiyam kuma ko kusa ba a kai masa sodar sabulu da ke amsa ta 10.

5. An ce tsohon fenti yana da guba. Gaskiya ne, ko tsoratarwa ce?

Gaskiya ne, kuma ita ce maganar da ta fi komai nauyi a wannan aiki. An daɗe ana zuba dalma a fentin mai don launi ya fito, ya bushe da wuri, ya kuma kare ƙarfe. Amurka ta hana ta a fentin gidaje tun 1978. A nan Najeriya an ci gaba da sayar da irinsa shekaru masu yawa bayan haka, kuma gwaje-gwajen da aka yi wa fentin mai na kasuwanninmu sun sha nuna dalma mai yawa, musamman a ruwan ɗorawa da ja da kore. Yanzu an tsayar da iyaka cewa kada ta wuce kashi 90 cikin miliyan, amma wannan bai canza abin da ke jikin gadon kakarka ba. Ido ba ya gane fenti mai dalma, saboda haka duk tsohon gado a ɗauka yana da ita.

Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara kimanin 400 suka rasu. Can daga duwatsun zinare ta fito, amma gubar ɗaya ce, hanyar ma ɗaya ce: ƙura ta sauka a tsakar gida, yaro ya yi rarrafe a kai, ya kai hannu baki. Ƙurar gado ɗaya ba za ta kai waccan ba, sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da za a ce ba shi da illa a jinin yaro. Kaɗan ma tana taɓa ƙwaƙwalwa da fahimtar karatu, illar ba ta gyaruwa, kuma tana ratsawa daga uwa zuwa abin da ke cikinta.

Abin yi shi ne a zaɓi wuri nesa da madafa, da rijiya, da inda ake shanyar hatsi ko kuɓewa. A shimfiɗa babbar leda a ƙarƙashi. A riƙa yayyafa wa fentin ruwa ana kankara don kada ƙura ta tashi. Yara da masu juna biyu su yi nisa har a gama shara. Kada a share da busasshiyar tsintsiya: a naɗe ledar da abin da ke kanta, a ɗaure, a goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma, kuma kada a jefa ɓawon a wuta ko inda kaji da awaki ke kiwo. Mai aikin kada ya ci abinci ko goro sai ya wanke hannu da fuska, ya tuɓe kayan aikin kafin ya ɗauki yaro, a kuma wanke su daban.

6. Wani ya ce in cinna wa gadon wuta da tsohuwar taya, fentin zai zube da kansa. Ya halatta?

Kada ka yi. Fentin zai zube, amma wuta tana mayar da dalma hayaƙi, wanda ya fi ƙurar da aka yi bayani a amsa ta 5 saurin shiga jiki, ga hayaƙin taya a kai, kuma maƙwabta ma shaƙa za su yi. Gadon ma ba ya tsira: siririn bututu yana lanƙwashewa, sifirin ya saki ya rasa ƙarfinsa har abada. In bututun mai farin rufin tutiya ne, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

7. Notunan sun ƙi kwancewa. In sa ƙarfi?

Ƙarfi shi ke karya kusa ko ya cinye kan noti. Goge tsatsar da ke zaren da buroshin waya, ɗiga kananzir da ɗan baƙin mai, ko ka fesa WD-40 (man feshi na sassauta noti), ka bar shi ya kwana. Da safe ka ƙwanƙwasa kan notin da guduma a hankali, ka sa sifana mai zobe daidai girmansa, ka ɗan ƙara ɗaurewa tukuna sannan ka juyo baya. Wanda ya ƙi bayan haka a yanke shi a sayi sabo. Gado mai ƙugiya kuwa, ta ƙasa ake bugun ƙarfen gefen zuwa sama, da guntun katako a tsakani. Yi wa kowane gefe alama da alli, ka tara notunan a gwangwani ɗaya.

In ƙarfen ya yanke ka, wanke da sabulu da ruwa mai yawa, ka je a duba ko kana bukatar allurar tetanus. Ƙwayar cutar a ƙasa da kashin dabbobi take zama, kuma gadon da ya daɗe a turke ko bayan gida yana iya ɗauke da ita.

8. Yaya ake kankara da hannu, daga ina ake farawa?

A fara da wanke gadon da omo don maiƙo ya fita, in ba haka ba sanfefa cushewa za ta yi. Sai a bi da abin kankara a ɗaga duk fentin da ya saki, sannan buroshin waya ya kwashe tsatsar da ke sama. Daga nan sanfefa ta karɓa. Lamba 80 ce mai cin tsatsa, 120 ta share zanen da 80 ta bari, 220 ta daidaita bakin tsohon fenti da ƙarfe har in ka shafa da yatsa ba za ka ji tudu ba. A sayi baƙar sanfefa mai jure ruwa don a yi aikin a jiƙe.

Ga bututu zagayayye, yanke sanfefa a tsaye faɗin yatsa uku, ka zagaya ta bayan bututun, ka kama bakin biyu kana ja dama da hagu. Yana ci ko'ina daidai, kuma hannu ba ya saurin gajiya. Kife gadon ka fara da ƙasansa tun kana da ƙarfi, domin nan ne tsatsa ta fi yawa, nan ne kuma aka fi tsallakewa idan an gaji.

9. In kai wa mai walda ya bi shi da giranda (injin yanka da goge ƙarfe) ba zai fi sauri ba?

Zai fi sauri, kuma ga gado mai tsatsa da yawa yana da amfani. Amma ka tsaya a wurin ka ce masa ya ɗaura buroshin waya mai kofi ko faifan sanfefa. Dutsen yanka yana cin naman bututu, ya bar tabo, wani lokaci har ya huda. A kula kuma, buroshin inji kan goge tsatsa ta yi baƙi tana sheƙi har a zaci ƙarfe ne. A bi wurin da sanfefa 80: in jan gari ya fito, da sauran aiki. Wayoyin buroshin suna tsinkewa su yi tsalle, don haka tabarau dole ne, kuma ba a tunkarar giranda da babbar riga ko kusa da galan ɗin tina. In gadon tsoho ne, a fara cire fentin a jiƙe ko da magani, giranda ta zo kan tsatsa kawai, saboda ba abin da ke watsa ƙurar dalma kamarta.

10. Maganin cire fenti na gwangwani fa? Kuma an ce sodar sabulu ma tana yi.

Maganin shi ya fi dacewa da gado mai fenti hawa-hawa ko mai ado da lanƙwasa, kuma ba ya tayar da ƙura. A shafa shi da kauri, a rufe da leda saboda zafinmu yana busar da shi kafin ya yi aiki, a jira lokacin da aka rubuta a gwangwani. Za ka ga fentin ya yamutse ya taso, sai a kankare a zuba a leda. A yi shi a fili, a inuwa. In an rubuta methylene chloride ko dichloromethane a jiki, kada a kuskura a buɗe shi a ɗaki ko zaure rufaffe: tururinsa ya kashe mutane, har Amurka ta hana sayar wa jama'a shi a 2019.

Sodar da ake haɗa sabulu da ita tana narkar da fentin mai, kuma ba ta cin baƙin ƙarfe. Tana da arha, amma tana ƙona fata kuma tana makantarwa. Sodar ake zubawa cikin ruwan sanyi kaɗan-kaɗan a bokitin roba, ba a zuba ruwa a kanta, ba a kuma haɗa ta a tukunyar alminiyam. In ta taɓa ido ko fata, a kwarara ruwa na minti 20 a wuce asibiti. Ina roƙo musamman, kada a ajiye ragowarta a gorar ruwa ko ta lemo. Ruwanta fari ne tas, yara sun sha shan ta a kan kuskure, kuma tana ƙona maƙogwaro ƙunar da ke bin mutum tsawon rai. Gidan da ke da ƙananan yara, ni shawarata a bar soda.

11. Khal da lemun tsami suna cire tsatsa da gaske? Ruwan batir fa?

Suna cirewa, amma tsatsa kawai, ba su taɓa fenti. Khal na kanti, mai tsami kashi 5 cikin 100, ya fi amfani ga notuna da ƙananan ƙarafa: a jiƙa su su kwana, a goge da buroshi. Ga bututu, a naɗa tsumma jiƙe da khal a rufe da leda. Lemun tsami da gishiri yana yi wa ɗan tabo. Bayan kowanne a ɗauraye, a bi da ruwan kanwa ko bekin soda don kashe tsamin, a sake ɗaurayewa, a busar nan take.

Ruwan batir da asid ɗin wanke tayil kuwa a bar su. Suna cin lafiyayyen ƙarfe tare da tsatsar, suna maƙalewa a walda da cikin bututu, daga baya tsatsar ta dawo fiye da da.

12. Wayar gadon da lungunan da sanfefa ba ta shiga, yaya zan yi da su?

Ƙaramin buroshin waya mai siffar na haƙori yana shiga tsakanin sifirin da kewayen walda. Abin da ya rage a shafa masa maganin juya tsatsa, wanda ake samu wajen masu kayan fentin mota. Yana haɗuwa da tsatsa ya mayar da ita baƙin rufi mai tauri da fenti ke iya kamawa. Yana aiki ne a kan siririyar tsatsar da ta manne. Mai ɓarewa sai an kankare ta tukuna. In wayar ta tsintsinke ko ta yi kwari a tsakiya, kada a ɓata magani: mai walda ya cire ta ya jera ƙarafa a kwance, a ɗora katako.

13. Na ga kuɗin cizo a mahaɗar ƙarafan. Fenti zai kashe su?

Ba zai kai ga waɗanda ke cikin bututu ba. Tun da an riga an kwance gadon, a kwarara tafasasshen ruwa a kowace mahaɗa da bakin bututu. Zafin da ya haura digiri 50 yana kashe su har ƙwansu. A jingina ƙarafan a rana bakinsu ƙasa su tsane sarai kafin faraima. Kada a ɗura fiya-fiya cikin bututun gadon da mutum zai kwana a kai. A tuna da katifa da tsagar bango ma, in ba haka ba za su dawo.

14. Jiya na goge shi fes, yau na tashi ya yi ja-ja. Me ya faru?

Ƙarfe tsirara ba ya kwana. Raɓa ko ɗan danshin iska ya isa ya sa masa sabuwar tsatsa cikin sa'o'i. Ba ta da zurfi, sanfefa 220 za ta ɗauke ta. Dabarar ita ce a raba aikin: ɓangaren da aka goge yau, a sa masa faraima yau. Kafin shafawa a goge da farin tsumma da tina, ana juya tsumman har ya daina ɗauko baƙi, daga nan kuma kada tafin hannu ya sake taɓa ƙarfen. Ba a goge shi da fetur, kananzir kuma yana barin maiƙo. Ramukan da tsatsa ta bari a inda ido ke gani ana iya cike su da filar masu gyaran jikin mota a goge.

Faraimar da aka fi samu ita ce red oksaid. A motsa ta har gindin gwangwani, a fara da walda da kusurwoyi da gindin ƙafafu, sannan sauran jiki. Ƙafafu a ba su shafi biyu.

15. Wane fenti zan sa, kuma buroshi ko feshi?

Fentin mai na ƙarfe, wanda aka rubuta a gwangwaninsa cewa ba shi da dalma. Fentin ruwa na bango ba ya zama a ƙarfe. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, wanda ke zuba hawaye ya bushe a sama cikinsa ɗanye. A bar kwana ɗaya tsakanin shafi da shafi. Buroshi ya wadatar, kuma ya fi cusa fenti a lungu. Feshi ya fi santsi, amma in za ka kai wa masu fentin mota ka gaya musu akwai ragowar tsohon fentin mai a jiki, domin tinarsu mai ƙarfi tana iya yamutsa shi.

16. Wane lokaci ne ya fi dacewa a shekara?

Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke kafin hazo ya yi ƙarfi. A tsakiyar hunturu iska busasshiya ce, ƙarfe ba ya saurin tsatsa, amma ƙura tana manne wa ɗanyen fenti. A yayyafa ruwa a ƙasa, a yi shafin da hantsi a rumfar da iska ke ratsawa. A Maris da Afrilu kada a shafa wa ƙarfen da ya sha rana, sai a inuwa. Da damina a zaɓi ranar da gari ya washe, a kuma ƙara wa bushewa lokaci.

17. Yaushe za a ɗora katifa, kuma yaya za a hana tsatsar dawowa?

Bushewar taɓawa daban, ƙwarin fenti daban. A ba shi mako guda a inda iska ke shiga. A danna farce a wani ɓoyayyen wuri: in ya bar shaida, ko har yanzu ana jin wari, a ƙara kwanaki, musamman in jariri ko mai asma ne zai kwana a kai. Wajen haɗawa a shafa wa zaren notuna ɗan giris.

A toshe gindin kowace ƙafa da murfin roba, ko a yanka tsohon silifas a sa a ƙasa don ƙarfe ya rabu da daɓe. A matsar da gadon kaɗan daga bangon da ke tsatsafo da laima, a sa wa katifar yara leda, a kuma tsane gindin ƙafafu bayan goge ɗaki. Ragowar fentin a rufe shi da kyau a ajiye inda yara ba sa kaiwa, duk inda gadon ya ƙwarzane a goge da sanfefa a ɗiga masa tun kafin damina ta shigo.